Lambar Hajiya Dudu

Na sayi kanti a Garwa, ba a ba ni makulli ba.
A gindin darbejiya, can Rumde Ajiya,
Hajiya Dudu ta kwance bakin zane,
ta ciro layin waya, ɗan abu kamar farcen jariri,
ta ɗora min a tafin hannu.
Jaka ɗari huɗu na ƙirga mata, kuɗin babur ɗina.
Ta ce idanunta sun gaji da ƙananan haruffa,
za ta koma Marwa wajen ɗanta.

Ga gadona:
hotunan humra ɗari da tara,
kwalabe arba'in, bakwai babu murfi,
mutum dubu uku da ban taɓa gani ba,
da kalmar sirri, sunan 'yarta da ta rasu,
wanda nake rubutawa kowace asuba
kamar mai sallama a gidan makoki.

Ni Ɗanlami ne, har gemu gare ni.
Amma saƙon farko cewa ya yi:
"Hajiya, an tashi lafiya? A aiko min irin na bara."
Wanne ne na bara? Littafinta bebe ne.
"Matar soja." "Mai wushirya." "Ta Gidar, mai tsiya."
Babu suna, babu farashi.
Na rubuta: "Lafiya lau, 'yata."
Daga ranar na zama Hajiya.

Wata huɗu ina yafe da gyalen da ba a gani.
In an kira, in rubuta maƙogwaro ke ciwo.
In rezo ya gudu, in bi shi har gadar Binuwai,
in tsaya cikin masunta, waya a sama,
kamar mai duban jinjirin wata.
In kai ƙunshi tasha, in roƙi direba
kada ya ɗora buhun banda a kan turare.
Ya ɗora.
Ta Ngaundere ta dawo min da shi, da zagi shafi biyu.
Wata ta turo hoton biyan kuɗi,
kuɗin har yau yana hanya.
Mai kawo sandal daga Kusuri ya ce
Hajiya ta bar bashin jaka sittin.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Sai Inna Baraka ta Fitowa.
Ita ba ta saye. Murya take turowa duk Juma'a:
ciwon gwiwa, tsadar dawa,
akuyarta ta haifi biyu, ɗaya bai tashi ba,
autanta ya tafi Duwala, ya manta lambarta.
Ta rufe da: "Dudu, ke kaɗai ke saurare na."
Wannan ba ya cikin jaka ɗari huɗun.
Ban san a wane shafi zan sa shi ba.

Ran wata Laraba na danna maɓallin murya,
yatsana na rawa:
"Jama'a, sunana Ɗanlami.
Hajiya tana Marwa tun watan Rajab.
Turaren nata ne, ƙaryar tawa ce."

Kafin magariba mutum ɗari biyu sun fice,
ba ƙarar ƙofa, ba sai-an-jima,
lamba ce kawai ke janyewa
kamar Binuwai a bazara.

Bayan isha'i wayar ta motsa.
"Yaro, tun sati na biyu na gane ka.
Dudu ba ta taɓa bari na kai ƙarshen zance ba.
Kai har lafiyar akuya kake tambaya.
Aiko min da kwalba ɗaya, ƙaramar.
In na sayar da ɗan akuyan zan biya."

Na buɗe littafin Hajiya.
Ƙarƙashin mai wushirya akwai ɗan fili.
Na rubuta suna cikakke, na farko a littafin,
na bar gurbin farashi haka nan.

Hoton kanti na canza da safe.
Kalmar sirrin dai, na bar ta.